Barbara ko musaya: wace kalma ta dace da haɗa iri a lissafin kwamfuta?

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya aiko da tambaya game da algoridim (wato jerin matakan da kwamfuta ke bi don warware matsala) mai kwaikwayon gadon halitta, dabarar da John Holland na Jami'ar Mishigan a Amurka ya shimfiɗa harsashinta a littafinsa na 1975. A wannan dabara kwamfuta kan tara amsoshi masu yawa ga matsala guda, ta zaɓi waɗanda suka fi kyau, ta haɗa su bibbiyu a matsayin uba da uwa domin su haifar da sababbi. Yana so ya san ko "barbara" ta dace da matakin haɗawar, kuma ko karin maganar nan "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ta bayyana hikimar abin.

Malam, barbara kalma ce ta saduwar dabbobi da tsuntsaye, kuma abin da take nunawa shi ne haɗuwar iyaye, alhali abin da kake nazari shi ne yadda ake rabon halayensu a jikin ɗa. Saboda haka na fi son "musayar gado". Ka ɗauki matsalar da kowace amsarta jerin lambobi shida ce, uba yana ɗauke da 2, 7, 4, 9, 1, 5, uwa kuma 8, 3, 6, 0, 2, 4. Idan aka yanka bayan gurbi na uku, ɗan farko zai ɗauki kan uba da wutsiyar uwa, ya zama 2, 7, 4, 0, 2, 4, na biyu kuma ya kwashi abin da ya rage. Babu lambar da aka ƙirƙira, hannu kawai suka sauya, kuma ma'anar musaya ke nan: ba ni in ba ka. Kalmar tana nan daram ko an yi yanka biyu, ko an bi kowane gurbi da ƙuri'a kamar yadda wani mai bincike, Syswerda, ya bayyana a 1989.

Inda musaya ta gaza shi ne inda ake narkar da lambobin, a ce 2 da 8 su haifi 5. Nan "gauraya" ce ta dace, domin abin da aka gauraya ba ya komawa asalinsa, kuma kalmar da kanta tana tona aibin hanyar. Muddin ɗa yana faɗawa tsakanin iyayensa kullum, zuriyar za ta yi ta tsukewa har kowa ya yi kama da kowa, a rasa mai leƙa wajen da'irar, ko da can ne amsa mafi kyau take. Wannan ya sa masu bincike Eshelman da Schaffer suka kawo wata hanyar gauraya mai suna BLX a 1993, wadda ke faɗaɗa iyakar ta kowane gefe. Idan aka ƙara rabin tazarar da ke tsakanin iyayen a kowane gefe, iyaye masu 2 da 8 suna iya haifar kowace lamba daga -1 zuwa 11.

Batun barewa kuwa, na yarda da rabinsa. Gaskiya ne fatan mai wannan lissafi shi ne nagartattun iyaye su haifi nagartaccen ɗa, amma karin maganar tabbaci take bayarwa, lissafin kuma ba ya bayar da shi. Sau da yawa lamba ta farko da ta shida sun dogara da juna, kyawun ɗaya bai bayyana sai da ɗayar, yanka kuma ya raba su, ɗan ya fito ya kasa iyayensa duka biyu. A irin wannan hali abin da Bahaushe zai ce shi ne "albasa ba ta yi halin ruwa ba", maganar da ake yi wa ɗan da bai ɗauko kyawawan halayen gidansu ba. Ina ba ka shawara ka ajiye barewa wajen bayanin zaɓen iyaye, ka kawo albasa idan ka zo bayanin dalilin da ya sa ake sake auna kowane ɗa kafin a bar shi ya shiga zuriya ta gaba.