Hodar da ke haskaka ɓoyayyen zanen yatsa

Tambaya: Malam, na ji ana cewa masu binciken laifi sun samo wata hoda mai walƙiya da ke fito da zanen yatsan da ido ba ya gani. Me ya bambanta ta da baƙar hodar da aka saba?

Amsa: Duk abin da ka taɓa, yatsanka na bar masa gumi da maiƙo, a jere bisa layukan fatarka. Baƙar hoda na manne wa wannan danshi, kuma a kan gilashi tana aiki sarai. Wahalar tana kan takardar kuɗi ko gwangwanin da ya sha launuka, domin zanen kan nutse cikin adon da ke ƙarƙashinsa.

Sabuwar hodar da ƙwayoyin nano ake yin ta, wato ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ba su wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Saboda ƙanƙantarsu suna kwanciya bisa layukan ba tare da sun cike tsakani ba, har ramukan gumi kan fito a hoto. Wasunsu in an haska su da fitilar ultrabayolet, wani haske da ido ba ya gani, sai su ɗau walƙiya. Akwai waɗanda ake kira ɗigon kwantum, da launin haskensu ke sauyawa gwargwadon girmansu. A kansu Bawendi da Brus da Ekimov suka ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Sai dai da yawansu na ɗauke da kadmiyom, wanda guba ne, kuma lafiyar mai shaƙar ƙurar kullum ba abin wasa ba ce. Shi ya sa hankali ya karkata ga ɗigon kabon, da aka gano a 2004.

Ƙwayoyin nano da suka fi burge ni su ne masu ɗauke da wasu ƙarafa biyu, itabiyom da abiyom. Farar takarda da wasu tawadoji su ma suna walƙiya a ultrabayolet, sai su dagula hoton. Su kuwa waɗannan ƙwayoyin da hasken infared, wanda shi ma ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 980 ake tashe su, su ba da koren haske, takardar kuma ta tsaya baƙi ƙirin. Zanen kaɗai ke bayyana.

Akasarin wannan aiki yana ɗakin gwaje-gwaje har yanzu. Ninhidirin, sinadarin da ke rina zanen yatsa a kan takarda, da aka fara amfani da shi a wannan fanni a 1954, da hayaƙin gam mai saurin kamawa su ke riƙe da aikin yau da kullum. Kafin sabuwar hoda ta shiga jakar jami'i, dole a tabbatar tana aiki a kan tsohon zanen da ya bushe, ba ta lalata DNA da ke cikinsa, kuma sakamakonta zai jure tambayoyin lauya a kotu.