Fatawa: Maigidan otel ya daina raba gorar roba don rage asara, ya rubuta cewa don muhalli ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a wani otel a nan Damagaram, ina karɓar baƙi da dare, wani lokaci kuma ina taya masu gyaran ɗakuna. Tun bayan Sallar Layya maigidanmu ya daina sa gorar ruwa ta roba da ƴan ƙananan sabulai da man wanke gashi na leda a ɗakuna. Yanzu kwalabe muke cikawa da ruwa mu rufe, sabulun ruwa kuma an kafa babban mazubinsa a bango. An manna takarda a kowane ɗaki cewa an yi haka ne domin kare muhalli, kuma kuɗin da aka rage ana dasa itatuwa da shi. Ni kuwa da kunnena na ji yana ce wa mai lissafin kuɗi dabarar ta rage masa asara, kuma baƙin ƙungiyoyi suna son irin wannan magana. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce tunda niyya ta ɓaci aikin duka munafunci ne, taimaka masa haramun ne, albashina ma akwai shubuha. Shin in bar aikin? Da muna tara gorunan da baƙi suka bari muna sayar wa masu zoɓo, yanzu ko wannan babu. Kuma na'urar tace ruwan ta lalace wata biyu ke nan, idan famfo ya ɗauke daga ƴan ga-ruwa muke cika kwalaben, amma an ce in baƙo ya tambaya mu ce tatacce ne.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ajiye aiki. Sai dai na ga ka bar jaki kana dukan taiki, domin ka cika takardarka da zancen zuciyar maigidanka, alhali abin da hukuncin ya rataya a kansa ka jefo shi a jimlar ƙarshe kamar wanda ya tuna da magana bayan ya sa takalmi. Aikinka halal ne, albashinka halal ne, kuma niyyar maigidanka ba dalilin barin aiki ba ce. Abin da ya haramta a kanka shi ne ka ce wa baƙo ruwa tatacce ne alhali ka san ba haka ba ne.

Rage roba da leda alheri ne, kuma ban san mai saɓani a kan haka ba, tunda shari'a ta hana cuta da cutarwa, ta kuma hana almubazzaranci. Duk mutumin Damagaram ya san hujjar da idonsa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana fiɗar akuyar cikin gari ya ga dunƙulen baƙar leda da ake zarowa daga tumbinta, wanda kuma ya bi ta Kasuwar Dole bayan ruwan sama ya ga yadda ledojin ruwa ke toshe magudana har ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Hukumar ƙasar nan ma ta kafa doka tun watan Nuwamba na 2014 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri, ko da yake kowa na ganin inda aiki da ita ya tsaya.

Maganar abokinka ce ke buƙatar a zauna a kanta, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, kuma tana da kamannin taƙawa, shi ya sa take saurin shiga zuciyar matashi mai son addini. Ya ɗauki hadisin da ke cewa ayyuka suna tare da niyya, ya ɗora shi inda malamai ba su ɗora shi ba. Niyya sharaɗi ce ta ingancin ibada kamar salla da azumi, kuma ita ce ma'aunin lada a cikin komai. Amma akwai ayyuka masu yawa da amfaninsu ke tabbata da zarar an aikata su, da niyya ko babu, kamar biyan bashi da mayar da ajiya da ciyar da iyali da wanke najasa daga tufafi. Wanda ya biya bashi don tsoron alƙali ya sauke nauyi, mai bin bashin kuma kuɗinsa halal ne a hannunsa, ko da mai biyan bai samu lada ba. Kawar da abin cutarwa daga mutane yana cikin wannan sahu. Gorar da ba a jefar a bayan katangar otel ba, ba ta tashi ta koma can don niyyar maigida ta karkata ga kuɗi.

Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin riya da haɗa ibada da wata buƙata ta duniya, ya kawo misalin mai aikin Hajji yana kasuwanci da mai azumi yana neman lafiyar jiki, ya ce wannan ba ya ɓata ibada, iyaka dai ladan yana iya raguwa. Alƙur'ani kansa, a aya ta 198 ta Suratul Baƙara, ya ɗauke laifi daga mahajjaci mai neman falalar Ubangijinsa ta hanyar ciniki. To idan neman riba bai ɓata Hajji ba, wanda rukuni ne na Musulunci, ta yaya zai mayar da sauya mazubin sabulu ya zama haramun? Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, maigida ya rage kashe kuɗi, gari ya rage shara.

Na san abokinka zai ce ai ba riba kaɗai ba, mutumin yana son baƙi su gani su yaba, wannan kuwa riya ce. Amsa ita ce riyar da aka yi wa narkon azaba ita ce mutum ya yi ibadar da ake nufin Allah da ita domin idon mutane. Ɗan kasuwar da ya share gaban shagonsa ya jera kayansa da kyau don masu saye su shigo talla yake yi, kuma talla halal ce muddin gaskiya ce. Kalmar munafunci kuwa kalma ce mai nauyi wadda bai kamata ɗalibin ilimi ya riƙa jefa ta a kan Musulmi saboda jimla ɗaya da aka jiyo ta bayan ƙofa ba. Ka ji shi yana zancen kuɗi da mai lissafin kuɗi, to wane zance kake so ya yi da shi? Faɗin amfani ɗaya ba ya kore samuwar wani a zuciya. Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya shaida wa mutane cewa wahayi ya yanke, saboda haka yanzu ana kama mutum ne da abin da ya bayyana na aikinsa, asirin zuciyarsa kuma Allah ne zai yi masa hisabi. Ko da ma mun ɗauka babu ɗigon tunanin muhalli a ransa, laifin jimlar da ya rubuta game da niyyarsa yana wuyansa, kai ba a ɗauke ka aiki don ka ba da labarin zuciyarsa ba. Baƙon da ya zaɓi otel ɗin don ba a tara roba a cikinsa ya samu daidai abin da ya nema, ba a tauye shi da komai ba. Da za a bi ƙa'idar abokinka, da babu ma'aikacin da zai ci halal sai ya tsaga ƙirjin wanda ya ɗauke shi aiki, da kuma rijiyar da ɗan siyasa ya haƙa lokacin zaɓe ta haramta ga masu alwala.

Wannan zargi ba a otel ɗinku aka fara shi ba. Tun 1986 wani Ba'amurke mai nazarin muhalli, Jay Westerveld, ya soki takardun da otel-otel ke ajiyewa suna roƙon baƙo ya sake amfani da tawul ɗinsa domin ceton duniya, alhali abin da ya fi fitowa fili shi ne ragin kuɗin wanki. A 2019 kamfanin otel-otel na Marriott ya sanar da daina raba ƴan ƙananan robobin sabulu da man gashi, ya ce hakan zai rage robobi kusan miliyan 500 a shekara, wani kamfanin otel-otel mai suna IHG ma ya yi irin wannan sanarwa a shekarar, ya ambaci kusan miliyan 200. Ban shiga zuciyar kowa a cikinsu ba, kuma mai hankali ya san sayen sabulu a babban mazubi ya fi arha. Abin da ya kamata a bi diddiginsa shi ne ko an rage ɗin da gaske, kuma ko abin da aka faɗa wa masu saye gaskiya ne.

A nan ne matsalarka take. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, wadda na tabbata abokinka ya karanta, cewa algus da yaudara da ɓoye aibi ba su halatta a ciniki ba, haka nan ɓoye abin da in an ambata mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗinsu. Hayar ɗaki ciniki ne na amfani, hukuncin ɗaya ne. Baƙon da ya sauka daga motar Yamai ko ta Agadas da tsakar dare, ya tarar da kwalba a rufe a kan tebur, ya ɗago kai ya tambaye ka, amana ya ba ka ta cikinsa da na ƴaƴansa. Ruwan ga-ruwa ba haramun ba ne, rabin gari shi muke sha idan zafi ya tsananta famfo ya ƙafe, kuma yana iya zama mai tsabta. Amma ku ba ku san inda aka ɗebo shi ba, ba ku san yaushe aka wanke jarkar ba, kuma mutumin da cikinsa bai saba ba yana iya kwanciya da gudawa ko taifot. Ƙarya ce da cutarwa a haɗe, umarnin maigida kuma ba ya halatta ta, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ka lura, ko da niyyarsa ta kai ta waliyyi tsarki, wannan hukuncin ba zai sauya ba.

Zancen itatuwa kuwa ka kawo shi ba tare da ka ce ka san an dasa ko ba a dasa ba, mai aikin dare kuma ba ya ganin duk inda kuɗi ke zuwa. Idan ya tabbata ba a dasa ko ɗaya ba, to maigida ya shiga gargaɗin aya ta 188 ta Ali Imrana game da masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, kuma wajibi ne ya cire layin ko ya cika shi. Kafin ya tabbata, kada ka gaskata shi a gaban baƙo, kada kuma ka ƙaryata shi, ka ce wannan sai a tambayi mai otel. Rashin rage kuɗin ɗaki ba zalunci ba ne idan baƙo ya san abin da zai samu kafin ya biya, sai dai wanda aka yi wa alkawarin ruwan kamfani tun a waya, shi dole a ba shi.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka samu maigidanka shi kaɗai, a lokacin da ransa ke kwance, ka gaishe shi da ladabi, kada ka ambaci niyya ko abin da ka jiyo, ka ce masa kana tsoron ranar da baƙo zai kwanta ciwo sunan gidan ya ɓaci. Ka kawo masa mafita a hannu: a gyara na'urar, ko a riƙa sayen manyan gorunan ruwan kamfani ana cika kwalaben daga ciki, ko a tafasa ruwan, a kuma riƙa wanke kwalaben da mazuban sabulun da kyau kafin a sake cikawa. Idan ya ƙi, ka ci gaba da aikinka, duk baƙon da ya tambaya ka ce masa na'urar tana jiran gyara, in yana so a sayo masa na kamfani. Idan ya kafe cewa ko ka yi ƙarya ko ka tafi, to ka fara neman wani aiki tun yanzu, amma kada ka yi ƙaryar ko sau ɗaya kana jira. Ina kuma gargaɗinka da ɗaukar hoton takardar nan ka watsa a WhatsApp ko Facebook kana kiran mutum munafuki, domin wannan cin nama ne da tona asirin gidan da kake ci a cikinsa, kuma abokan aikinka masu iyali ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa.

Saura abu ɗaya da ka ambata a gurguje, ni kuwa ina jin shi ne ƙayar da ta soke ka. Gorunan da kuke sayar wa masu zoɓo da man gyaɗa halal ne a lokacin da ake bar muku su, kuma na san ɗan abin da ake samu yana sayen koko da ƙosai ko ya biya ɗan kabu-kabu. Amma kyauta ce ta al'ada, ba ta cikin yarjejeniyar aikinku, mai ita yana da ikon dakatar da ita. Ka binciki ranka, kada haushin wannan rashi ya sa rigar kishin addini, ya sa ka ji daɗin fatawar abokinka fiye da yadda ta cancanta. Idan albashin bai isa ba, ku haɗu ku gaya wa maigida a fili cewa sauyin ya rage muku wani abu kuma ya ƙara muku aikin wanke kwalabe, ku nemi ƙari. Wannan haƙƙinku ne ku nema, kuma tunda shi da bakinsa ya ce asararsa ta ragu, kun samu lokacin da ya dace da roƙon. In ya saurare ku, sai ka ƙara masa da cewa ledojin da ake kawo cefane a ciki, waɗanda galibi a irin waɗannan gidaje ake tarawa a cinna musu wuta hayaƙin ya shiga gidajen maƙwabta, sun fi gorunan buƙatar a fara da su.

Abokin naka kuma ka nuna masa wannan amsa cikin mutunci, ka roƙe shi ya koma wurin malaminsa su sake bin babin ciniki a Risala.

Wallahu a'alam.