Sandar dala 400 ko turken dala 30? Amsoshin tambayoyinku kan softbol

Satin nan tambayoyi uku ne suka taru min kan softbol, na ce bari in haɗa su waje ɗaya tunda duk ciwon kusan ɗaya ne. Ga wanda bai san wasan ba, ƙanwar besbol ce, a Shikago aka fara ta a 1887, mai jifa yana wurgo ƙwallo ta ƙasa, hannunsa na wucewa ta gefen ƙugu, kai kuma ka maka mata sanda ka ruga a guje. Turawa dai sun ce mata ƙwallo mai laushi amma wanda ta taɓa samu a haƙarƙari shi zai baka labarin laushin.

Tambaya ta farko daga wani mahaifi ne mazaunin Greensboro a Amurka. Yace 'yarsa mai shekara 12 ta shiga ƙungiyar softbol, ta dawo gida ta kafe sai an saya mata irin sandar da ƙawayenta ke riƙewa, ya je shago ya ga kuɗin ya kai dala 400, shi kuma banda ƙwallon ƙafa bai san komai ba. Ya saya ko ya bari?

Alhaji ka bari tukuna, kuma ba rowa nake koya maka ba. Yarinya mai shekara 12 tana cikin girma ne, sandar da ta yi mata daidai bana baɗi war haka ta yi mata kaɗan, kaga dala 400 ta zama kayan ajiya a gareji. Sannan abin da iyaye ba sa son ji, sanda ba ta gyara duka. In yarinya na kai hannu a makare ko tana rufe ido, ko sandar zinare ka bata iska zata dinga duka, sai dai iska mai tsada.

Abin da ya kamata ka duba a shago abu uku ne, tsawo da nauyi da hatimi. Tsawo da inci ake auna shi, doka ba ta yarda ya wuce inci 34 ba, amma sa'arta yawanci 30 ko 31 ne ke musu daidai. Gwajin ba wuya, ta ɗora gindin sandar a tsakiyar ƙirjinta a miƙar da ita gefe, ta miƙe hannu, in yatsunta sun taɓo ƙarshen sandar to tsawon ya yi. Nauyi kuma zaka ga an rubuta wata lamba a jiki kamar -10 ko -11, ana ce mata dirof, ba wani tsafi bane, tsawo ne aka cire nauyi, wato sanda mai inci 31 da -11 nauyinta oza 20 kenan. Lambar na ƙara girma sandar na ƙara rashin nauyi. Ita dai -11 ko -10 ya ishe ta, su -9 da -8 na manyan 'yan mata ne masu ƙarfin damtse. Ka sa ta riƙe sandar da hannu ɗaya ta miƙe shi gefe kamar daƙiƙa 30, in ka ga kan sandar na sunkuyawa tana cije leɓe to ta yi mata nauyi ko da ta ce maka a'a, kuma zata ce a'a ɗin in launin ya burge ta. Hatimi shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kowace gasa da tambarin da take karɓa, wasu na hukumar USA Softball wasu na hukumar USSSA, ka tambayi kocinsu kafin ka biya kuɗi don alƙalin wasa yana da ikon ya ce sandar nan ba za ta shiga fili ba.

Su masu tsadar nan na kamfanonin Easton da DeMarini da Louisville Slugger yawanci kwamfosit ne, wato zaren kabon aka naɗe aka manne, kuma gaskiya suna da daɗin duka ba sa girgiza hannu sosai. Amma lallaɓa su ake yi kamar ƙwai, sai an yi musu duka wajen 150 zuwa 200 ana ɗan jujjuya su kafin su saki jiki, ba sa son sanyi suna iya tsagewa, kuma ƙwallayen nan masu tauri masu ramuka-ramuka na injin jifa suna cinye su. Ta alminiyam kuwa daga leda sai fili, ƙasa da dala 100 zaka samu mai kyau. Ka saya mata ita, ragowar kuɗin ka sayi turke da raga, turken shi ne ɗan bututun roba da ake ɗora ƙwallo a kai a daka tana tsaye, wajen dala 30 zuwa 40 ana samu. Ka gaya mata in ta shekara tana atisaye bata fasa ba za a yi maganar babbar sanda. Zata yi fushi na kwana biyu, ka daure.

Ta biyu wata ɗaliba ce 'yar shekara 16, tace matsalarta kullum a makare take, ƙwallo sai ta wuce sannan sandarta ke isowa, in ma ta taɓa sai ta gangara ƙasa ba ƙarfi. Ta tara ɗan kuɗi, tana tunanin ko ta sayi na'urar nan da ake maƙalawa a gindin sanda tana auna gudun duka a waya, ko ta biya koci na musamman.

Ƙanwata, na'urar zata gaya miki kin makara, abin da kin riga kin sani. Ki riƙe kuɗinki mu fara da wayar dake hannunki. Ki sa wani ya tsaya ta gefen da ƙirjinki ke kallo ya ɗauke ki bidiyo irin mai tafiyar hawainiya ɗin nan, duka goma kawai, sai ki zauna ki kalla. Ina da yaƙinin ɗaya daga cikin abu biyu zaki gani ko duka biyun.

Na farko kina fara shiri a makare. A matakinku tsakanin mai jifa da ke ƙafa 43 ne, mita 13 da ɗan kai, kuma ita mai jifar tana yin tsalle ta matso kafin ta saki, don haka ƙasa da rabin daƙiƙa kike da shi ki gani ki yanke shawara ki daka. Monica Abbott, shahararriyar mai jifa 'yar Amurka, ta taɓa jifa mai gudun mil 77 a awa a 2012, ki ƙiyasta wannan daga ɗan tazarar nan. To in sai ƙwallo ta bar hannu sannan zaki fara ja da baya, an gama da ke. Shiri ana yinsa ne tun hannun mai jifa na sama yana zagayowa, ki ɗan mayar da nauyinki kan ƙafar baya, hannuwa suna kusa da kafaɗar baya, ki ɗan taka ƙafar gaba a hankali kamar mai taka ƙaya, taku kaɗan ba dogo ba, ya zamana ƙafar ta sauka kafin ƙwallo ta kai rabin hanya. Wanda ƙafarsa ta sauka da wuri yana da zaɓi, ya daka ko ya ƙyale.

Na biyu kina duka da hannu zalla. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa. Kin taɓa kallon dambe? Ɗan damben kirki ba daga kafaɗa yake kai naushi ba, daga ƙafar baya abin ke tasowa ya bi ta ƙugu sannan hannu ya zo a ƙarshe kamar bulala. Haka dukan softbol yake, ƙugu ne ke fara juyawa, gwiwar baya ta shigo ciki, dunduniyar baya ta ɗaga, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Kuma hannun kar ya yi nisa da jiki, ki ɗauka gindin sandar kike son nuna wa ƙwallo da farko, gwiwar hannun baya ta sauko kusa da haƙarƙari, sai kan sandar ya fyaɗo da kansa. Masu makara yawanci suna buɗe hannu tun farko sandar ta yi dogon zagaye kamar mai share tsakar gida, hanya ta yi tsawo. Akwai gwajin da nake so, ki tsaya kina fuskantar ragar waya ko katanga, tazarar tsawon sanda ɗaya daga cibiyarki, ki kai duka a hankali, in kan sandar ya goga katangar to zagaye kike yi. Ki yi da tsohuwar sanda dan Allah, ni na taɓa gwadawa da sabuwa ta aro a jikin bangon siminti, har yau in na tuna fuskar mai ita sai na ji kunya.

Riƙon ma ki duba. Sanda a yatsu ake riƙe ta ba a tsakiyar tafi ba, gaɓoɓin da kike ƙwanƙwasa ƙofa da su na hannu biyun su kusa yin layi ɗaya, kuma kar ki shaƙe ta kamar wadda za a ƙwace wa, hannu mai tauri baya sauri. Lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo tafin hannun sama na kallon sama na ƙasa na kallon ƙasa, in kika riga kika mirgina wuyan hannu kafin haɗuwar shi ne kike ganin ƙwallo na gangarawa ƙasa ba rai. Kai kuma ya tsaya cak, haɓa ta fara a kafaɗar gaba ta ƙare a ta baya, ido na inda aka yi karon, kar ki riga ƙwallo kallon inda zata je.

Atisaye kuwa gara minti 15 zuwa 20 sau huɗu ko biyar a sati da awa uku ranar Asabar kaɗai, don in kin gaji jiki komawa yake tsohuwar ɗabi'a, sai ki zama kuskuren kike haddacewa. Duka 40 ko 50 a kan turke ya isa, amma kar ki bar turken waje ɗaya a tsakiya daidai ƙugu inda kowa gwani ne. Ki ɗaga shi daidai ƙirji saboda jifar nan mai tasowa sama wadda ita ce makamin masu jifan softbol, ki sauke shi daidai gwiwa, in ƙwallon ciki kike koyo, wato mai zuwa kusa da jikinki, ki matsar da shi gaba, in ta waje ce mai wucewa nesa da jiki ki dawo da shi baya kaɗan. Bayan turke wani ya ɓuya a bayan raga yana wurgo miki daga gaba kusa-kusa don ki koyi lokaci. In kin yi wata guda a haka, sai ki ɗauki kuɗin nan ki biya koci zama biyu ko uku ki je masa da bidiyon, zai fi miki amfani akan ki je hannu rabbana ya fara daga yadda ake tsayuwa. Jocelyn Alo ta jami'ar Oklahoma da ta kafa tarihin maka ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 122, ki nemi bidiyonta ki kalli ƙugunta kawai ki manta da sandar.

Ta ƙarshe daga wani malamin motsa jiki ne a wata sakandaren 'yan mata a gida Najeriya. Yace an basu kyautar sanduna biyu da ƙwallaye 'yan kaɗan, shugabar makaranta ta bashi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, me zai fara saya, kuma ya ga wasu sanduna a wajen 'yan gwanjo.

Malam hular kwano zaka fara saya, ko guda biyu ce a dinga karɓa-karɓa, in da hali mai kariyar fuska, sai abin rufe fuskar mai cafkewa a baya. Wannan ba a ciniki a kai, rana ɗaya ƙwallo ta fasa bakin 'yar mutane wasan ya mutu a makarantar. Turke kuwa kar ka kashe ko sisi wajen odar sa, ka samu gwangwanin fenti ka zuba siminti ka dasa bututun ruwa a tsakiya, a saman ka cusa guntun tiyon roba mai laushi wajen taƙi ɗaya don in sanda ta same shi kar ta lotse. Ka yi guda uku masu tsawo daban-daban. Raga kuma tsohuwar ragar gola a ninka biyu ko tsohon bargo a rataya a igiya duk suna yi. Ƙwallayen da aka baku ka adana su don wasa, atisayen yau da kullum a yi da ƙwallon tanis ko tsumma da aka dunƙule aka naɗe da salatif.

Na gwanjo kuma ka buɗe ido, don a dila ɗaya ake haɗo na besbol da na softbol kuma mai sayarwa duk sanda ce a wajensa. Ta softbol kaurinta inci 2 da kwata ne kuma sashen mai kaurin dogo ne, na besbol da yawa sun fi haka kauri. Ko a softbol ɗin ma iri biyu ce, akwai ta wasan jifa a hankali wadda manya ke yi don nishaɗi, ita inci 34 ce mai nauyin oza 26 zuwa sama, yaranka ba za su iya juya ta ba, ka karanta jikinta ka nemi wadda aka rubuta ta jifa mai sauri ce. Ka girgiza ta kusa da kunne, in ka ji wani abu na kacau-kacau a ciki ka ajiye, ka shafa da tafin hannu ko zaka ji lotsawa ko tsaga, ka duba murfin kan ko yana motsi. In robar mariƙin ce kawai ta mutu wannan ba komai bane, ka yi amfani da ita ka rage farashi, ka dawo gida ka naɗe da tef.

Yaran kuma ka gaya musu an buga wasan nan a Olamfik, Japan ce ta doke Amurka 2-0 ta ɗauki zinare a Tokyo a 2021, kuma zai dawo a gasar Los Angeles ta 2028. In kun haɗa turakun ku turo min hoto in ga ko simintin ya kama.