Kalandar lambun Maradi ba ta aiki a Faransa

Wani ɗan Maradi mai aikin gini a arewacin Faransa, kusa da Lil, ya aiko da tambaya uku a ƙulli ɗaya. Ya samu ɗan fili a lambunan da ake ba iyalai haya, yana son sanin abin da zai shuka yanzu a Fabrairu. Mahaifiyarsa ta ƙulle masa irin albasar Galmi da kuɓewa da yakuwa, za ta ba wani matafiyi. Ƙanensa kuma a Sumarana, kusa da Maradi, yana neman kuɗi ya ƙara fangalin shu (kabeji) da salati.

Ƙanena, sannu da sanyi. Bari in fara da ƙullin Inna, don nan ne fitina take. Tun 14 ga Disamba 2019, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da iri ko tsiro ko ɗanyen kayan lambu daga waje sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ko da a jakar hannu ne. 'Ya'yan itace biyar kawai aka ware, cikinsu har da dabino da ayaba da abarba. In 'yan duwan (kwastan) suka gani a filin jirgi za su karɓe, wataƙila har da tara. Wanda ke faman sabunta takardar zama ba ya bukatar wannan tsaye-tsaye saboda iri cikin leda, kuma kada ka ɗora wa bawan Allah matafiyi. Ka ce wa Inna ta aiko da dabino da addu'a.

Ko da irin Galmi ya isa hannunka lafiya, ba zai faranta maka rai ba. Albasa da tsawon yini take sanin lokacin yin kai. Tamu ta saba da yinin awa 12 ko kusa da haka, ku kuwa a watan Yuni yininku ya haura awa 16. Sai ta gaggauta yin kai tun ganyenta bai kai ko'ina ba, ka tono abu kamar goro. Ka sayi 'yan ƙananan kawunan albasa na dashe a shagon kayan lambu na nan wajenku, su aka yi wa wannan ƙasa.

A gida sanyi abokin mai lambu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake cin moriyarsa. A wajenku sai an yi masa dabara. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, in ƙasa ta daina daskarewa, ka damƙi kaɗan a hannu: in ta dunƙule tana naso kamar laka, ka ƙara haƙuri, in ta wargaje, ka shiga aiki. Tafarnuwa da albasa da eshalot (wata 'yar ƙaramar albasa) za su shiga fili kai tsaye, haka waken nan mai faɗi da suke kira fef, da petipuwa (koren wake mai ƙananan ƙwayoyi), da efinar wanda zai tsaya maka a matsayin alayyahu. Radi (wani ɗan jan saiwa da ake ci ɗanye) da karoti da salati suna son a rufa musu farin mayafin lambu ko rumfar leda.

Tumatir da tattasai da barkono kuwa a ɗaki ake renonsu, cikin ƙananan kofuna bakin taga mai rana. Tattasai da barkono yanzu, tumatir a Maris. Kada zumuɗi ya sa ka fitar da su don ka ga rana ta haska kwana biyu a Afrilu. Tsofaffin maƙwabtanka na lambu ba sa dashe sai 11, 12 da 13 ga Mayu sun wuce, don dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kwantar da renon wata biyu. Kuɓewa da yakuwa, gaskiya, a Lil sai a rumfar leda, kuma ko a can sai an yi sa'ar shekara mai zafi. Irinsu ana samu a shagunan Turai.

Ka kuma karanta takardar da ka sa wa hannu: amfanin irin wannan lambu na ci ne da kyauta, ba na sayarwa ba. Wanda ya fara kai wa 'yan uwa suna biya yana iya rasa filin.

Sai maganar ƙanenka. Ka tura kuɗin, amma ba don shu ba. Wanda ya yafa irin shu a ƙarshen Fabrairu a bakin Gulbin Maradi, zafin Afrilu mai haura digiri 40 zai tarar da shi kafin ya naɗe, ga tsutsa, salati kuma ya yi ɗaci ya tashi sama. Ka ce masa ya sa kuɓewa da alayyahu da yakuwa, ya gyara zogalensa, ragowar ya zuba wa injin ban ruwa mai. In ya yi gardama, ya leƙa lambunan Jiratawa, nan kusa da Maradi, ya ga abin da masu fangali suke dasawa a wannan mako.