Amsar tambayar Malama kan zanen ƙwayar ƙwaƙwalwa (saƙon murya)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malama, na ga hoton da kika turo da kuma tambayarki, ko zanen bishiya ne, kuma me ya sa ake rataye irinsa a gidajen nunin zane alhali aikin likitanci ne. To, ba bishiya ba ce. Ƙwayar jijiya ce guda ɗaya tak, wadda ake kira Purkinje, daga sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, kuma wanda ya zana ta shi ne Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan Sifaniya da ya rayu daga 1852 zuwa 1934.

Tun yana yaro zane yake so, amma mahaifinsa ya ƙi, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma kafin ya karanta likitanci. A 1887 aka nuna masa wani rini da Camillo Golgi na Italiya ya gano a 1873. Ana jiƙa ɗan guntun ƙwaƙwalwa a sinadarai, ciki har da na azurfa, sai ƙwayoyi ƙalilan su yi baƙi ƙirin, sauran wurin ya zauna rawaya. Ta haka mai duba madubin likita zai iya bin ƙwaya ɗaya tun daga gindinta har ƙarshen rassanta.

Ga inda nake so mu lura sosai. Yankan da ake ɗorawa a madubin yana da kauri, saboda haka ba a ganin rassan duka a lokaci guda, sai an riƙa murɗa madubin sama da ƙasa, wani reshe ya fito, wani ya ɓace. Kyamarar wancan zamani ba ta iya haɗa su wuri ɗaya, hannun Cajal ne ya haɗa su da alƙalami da tawada. Idan kika ƙara girman hoton za ki ga rassan sun baje kamar mafici, sannan wani siririn zare guda ya fita ta ƙasa, wanda ta nan saƙo yake barin ƙwayar. A zanuka da dama ma ya sa ƙananan kibau don nuna inda saƙon ya nufa.

A ganina, wannan idon na mai zane shi ne ya bambanta shi da Golgi. Rini ɗaya suka yi aiki da shi, amma Golgi ya tsaya a kan cewa jijiyoyin duk a haɗe suke babu rabuwa, Cajal kuwa ya ce kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kusantar juna kawai suke yi. An ba su kyautar Nobel tare a 1906, kuma ko a jawabinsa na Stockholm Golgi bai sauka daga ra'ayinsa ba. Sai a shekarun 1950, bayan rasuwar su biyun, madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya tabbatar da maganar Cajal.