Tambaya da Amsa: Tunda zafi ya shigo guduna ya koma baya, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ni ma'aikaci ne a Zariya, shekarata 36. Na fara gudu tun lokacin sanyi, ina bin turbar gonaki ta wajen Kufena sau huɗu a sati, har na kai ina cinye kilomita 10 cikin minti 55. To tunda bazara ta kama komai ya dagule, hanyar nan dai yanzu sai na yi awa ɗaya da minti biyar, ga haki ga ciwon kai in na dawo. 'Yan ƙungiyarmu na shirya wata 'yar gasa ta kilomita 10 nan da sati shida. Wani abokina ya ce in riƙa fita da tsakar rana da rigar sanyi don jiki ya saba, kuma in sha maganin ciwon jiki diclofenac kafin tsere. Dan Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara kwantar maka da hankali, ƙarfinka bai tafi ko'ina ba. Abinda ke faruwa shi ne lokacin hunturu in kana gudu mafi yawan jinin da zuciyarka ke turawa yana tafiya ne ga cinyoyi da sha-raɓa, amma yanzu da zafin Afrilu ke kusantar digiri 40 dole jiki ya karkatar da wani kaso zuwa fata don ya fitar da zafi, ga kuma gumi yana rage ruwan jinin, sai ka ga zuciya na bugawa da sauri alhali gudun bai kai na da ba. Minti goman nan da ka gani zafi ne ya ci su. Kuma ka shirya, domin in hadari ya fara haɗuwa a Mayu zuwa Yuni iska ta yi danshi, gumin ma ba ya bushewa sai dai ya yi ta zuba, kuma bushewarsa ce ke sanyaya jiki.

Jiki yana sabawa, wannan gaskiya abokinka ya faɗa, amma hanyar da ya ba ka wallahi tana iya kai mutum asibiti. Sabon yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 na gudu mai sauƙi a cikin ɗumi, ruwan jini ya ƙaru, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu. Ba ya bukatar rigar sanyi, garin ya riga ya yi maka wannan aikin. Ka fita da zarar an sallame Asuba gari ya fara wayewa, ka dawo kafin ƙarfe takwas, riga mara nauyi mai haske da hular hana sallah. In gasar taku za ta kai hantsi, to sau ɗaya ko biyu a sati ka yi minti 30 a daidai wannan lokacin, a hankali.

Na ce a hankali, kuma nan ne yawancin masu gudu don sha'awa suke kuskure. Ka daina kallon agogo yanzu. Cikin fita huɗun da kake yi, uku su zama gudun da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba, ko da hakan na nufin minti bakwai a kilomita. Ɗaya kawai za ka matsa, kuma tunda Allah ya hore maka tudun Kufena a kusa, yi amfani da shi: bayan minti 15 na ɗumama jiki ka samu hawa mara tsini sosai, ka haura da ƙarfi na minti ɗaya, ka sauko da tafiya, sau shida a satin farko, ka riƙa ƙara ɗaya har ka kai goma. Dubi 'yan Filato, musamman na yankin Pankshin, su ne suka fi yin fice cikin 'yan Najeriya a gasar gudun fanfalaki ta Legas da aka fara a 2016 da ta Okpekpe a jihar Edo, wadda ita ma kilomita 10 ce mai tuddai kuma a watan Mayu ake yin ta. Tsaunuka da tsayin ƙasarsu na da hannu a ciki, Jos kaɗai ta haura mita 1,200 daga doron teku. Kai ba ka da wannan tsayin amma kana da hawa, kuma hawa na gina ƙafa fiye da yadda mutane ke zato.

Turba daban take da kwalta. Taku gajere, ido kamar taku uku a gabanka saboda kunyar gona da tsakuwa da saiwa, targaɗen idon sawu shi ne raunin da na fi gani. Kambas ɗinka ya zama mai haƙora a ƙasa, don da an yi ruwan farko jar ƙasar nan santsi gare ta kamar sabulu. Da damina ciyawa na rufe hanya, macizai na fitowa, kar ka ratsa inda ba ka ganin ƙasa, kar kuma ka fita da duhu. Yadda tsaro yake a yanzu ma ban yarda mutum ya shiga daji shi kaɗai ba, ku fita ku biyu ko uku, a gida a san inda kuka nufa.

Batun ruwa kuwa akwai gwaji mai sauƙi. Hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo, kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, wato ledar fiya wata biyu. In kai mai kilo 70 ne ka ga kana rasa fiye da kilo ɗaya da rabi, ruwan da kake sha a hanya ya yi kaɗan, kuma ina kyautata zaton daga nan ciwon kan yake. Ka sha leda ɗaya kamar awa guda kafin fita, in gudun zai wuce awa ka tafi da gora. Amma kar ka yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙishirwarka, shi ma yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. In ka yi gumi sosai, haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan ka bi da koko da ƙosai ko fura da nono. Fitsari in ya yi ja kamar shayi, ranar hutu ce.

Diclofenac kam a'a, dan girman Allah. Shi da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ka haɗa da zafi da ƙarancin ruwa, ƙoda na iya samun matsala a rana ɗaya. Haka in kana jin zazzaɓi ko ka gama maganin maleriya jiya-jiya, kar ka yi gudu. Sannan ka taɓa yin gwajin sikila ka san nau'in jininka? In AS ne kai, wato kana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ka da cutar, za ka iya gudu lafiya lau, amma matsawa sosai cikin zafi ba ruwa na da haɗari na musamman gare ka, ka gaya wa likita kafin gasar.

Satin ƙarshe ka rage atisaye zuwa rabi. Ranar tsere kilomita ukun farko ka bar masu zumuɗi su wuce, ka riƙa zuba ruwa a kai da wuya. Kuma ka faɗa wa masu shiryawa su tanadi ruwan sanyi da ƙanƙara da mota a wurin ƙarewa, domin in aka ga wani yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado, ko da yana gumi, zafi ne ya buge shi. A kwantar da shi a inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun a wurin, kar a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, sannan a wuce da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a cikin motar.