Kiɗan da Dr. Dre ya ɗauko daga waƙar Aznavour

Ka tambaya ko kiɗan da ke cikin waƙar "What's the Difference" na Dr. Dre ne, wato mawaƙin rap na Amurka, kuma ko kai ma za ka iya sa shi a taka waƙar. Ba nasa ba ne, ɗan'uwa. Asalinsa waƙar "Parce que tu crois" ce, wadda mawaƙin Faransa Charles Aznavour ya fitar a 1966. Dre ya gina tasa a kai a 1999 tare da Eminem da Xzibit, sannan kiɗan ya sake tashe a 2003 cikin "Breathe" ta Blu Cantrell da Sean Paul. Nemi ta asalin ka saurara, wallahi sai tsikar jikinka ta tashi.

Sa shi a waƙarka kuwa sai da izini. Haƙƙi biyu ne: na wanda ya tsara waƙar, da na kamfanin da ya mallaki faifan. Ko makaɗa ka sa suka sake kaɗa maka shi, na farkon yana nan a wuyanka. Aznavour ya rasu a 2018, kuma a dokar Faransa haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana kai shekara 70 bayan rasuwarsa. Ni na taɓa yanko 'yan daƙiƙu daga wani tsohon faifai ba izini, aka sauke waƙar daga intanet bayan na gama kashe kuɗin situdiyo.